Ƙofa a Kulle: Nazarin Fim ɗin Conclave ta Fuskar Zaɓen Sarki a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A cikin shekara ta 2024 aka fito da wani fim mai suna Conclave, wanda Edward Berger, haifaffen Jamus, ya ba da umarninsa. Peter Straughan ne ya tsara shi daga ƙagaggen labarin da marubucin Ingila Robert Harris ya buga a 2016. Labari ne na yadda manyan limaman ɗarikar Katolika, watau Kadinal-Kadinal, suke taruwa a Fadar Vatikan su zaɓi sabon Fafaroma. Sunan fim ɗin daga Latinanci ya fito, ma'anarsa kuwa "da mabuɗi", watau ɗakin da aka kulle da mutane a ciki. A farkon 2025 fim ɗin ya sami lambar Oscar ta tsara labari. Ba a jima ba Fafaroma Francis ya rasu, ranar 21 ga Afrilu, Kadinal 133 suka shiga ɗakin zaɓe ranar 7 ga Mayu, kashegari suka fito da Fafaroma Leo na Sha Huɗu. Wannan dacewa ta ƙara wa fim ɗin kasuwa.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa manazarcin al'adun Hausa da labarin limaman Rum. Na farko dai, ɗaya daga cikin masu neman kujerar a fim ɗin ɗan Nijeriya ne. Na biyu, ɗarikar Katolika ta daɗe a ƙasar Hausa, don kuwa tun 1964 Sakkwato ta zama dayosis, ƙasar Zamfara kuma tana ƙarƙashinta. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, jigon labarin ba baƙo ba ne. Manomi a Birnin Tsaba ko ɗan kasuwa a Shinkafi, ko da bai taɓa ganin Kadinal ba, ya san yadda gari yake yin tsit in sarki ya faku, masu zaɓe su shiga ɗaki, raɗe-raɗi su cika kasuwa. Wannan maƙala za ta nuna cewa fim ɗin ya yi nasara ƙwarai wajen siffanta mai zaɓen shugaba, amma ya gaza wajen siffanta jama'ar da ake zaɓa wa shugaban, kuma daga wannan gazawa sauran kurakuransa suka taso.

2.0 Labarin a Taƙaice

Fafaroma ya rasu da ciwon zuciya. Nauyin shirya zaɓe ya hau kan Kadinal Thomas Lawrence, shugaban majalisar Kadinal, wanda Ralph Fiennes ya fito a matsayinsa. Manyan 'yan takara huɗu ne: Bellini ɗan Amurka, mai son sassauci, Tedesco ɗan Italiya, mai son a koma tsarin da, Tremblay ɗan Kanada, mai matsakaicin ra'ayi, da Joshua Adeyemi ɗan Nijeriya, mai tsaurin ra'ayi kan sha'anin aure da jinsi. Ana gab da kulle ƙofa sai ga wani baƙo, Vincent Benitez ɗan Meziko, wanda ke aiki a Kabul, da takardar shaidar cewa marigayi ya naɗa shi Kadinal a asirce.

Ba mai zama Fafaroma sai ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Adeyemi ne ya fara shiga gaba, sai wata Sista 'yar Nijeriya mai suna Shanumi ta yi sa-in-sa da shi a ɗakin cin abinci. Lawrence ya bincika, ya gano cewa shekara talatin da suka wuce sun haifi ɗa, takarar Adeyemi ta rushe. Daga nan aka gano cewa Tremblay ne ya sa aka kawo Sistar daga Nijeriya. Lawrence ya karya hatimin ɗakin marigayi, ya sami takardun da ke nuna Tremblay ya sayi ƙuri'u da kuɗi, shi ma ya faɗi. Bellini kuwa ashe ya riga ya sayar da goyon bayansa don alkawarin muƙami. Da Lawrence ya ga saura shi da Tedesco, sai ya rubuta sunan kansa. Yana kai ƙuri'arsa bam ya tashi a cikin gari, tagogin majami'ar Sistine suka farfashe. Tedesco ya yi kiran yaƙi da Musulmi, Benitez ya miƙe ya mayar masa da martani cikin natsuwa, aka zaɓe shi, ya ɗauki sunan Innocent. Bayan an gama ne Lawrence ya ji cewa sabon Fafaroma halittarsa ta mata-maza ce.

3.0 Tauraron Labari

Abin da ya ɗaga darajar wannan fim shi ne zaɓen tauraro. Marubucin bai ɗora labarin kan wanda zai hau kujera ba, ya ɗora shi kan wanda zai naɗa. A tsarin sarautar Sakkwato, mafi kusa da wannan matsayi shi ne Waziri, wanda ke jagorantar masu zaɓen Sarkin Musulmi. A Kano kuwa an san masu zaɓe huɗu: Madaki, da Makama, da Sarkin Bai, da Sarkin Dawaki Maituta. Sai dai akwai bambanci babba. A ƙasar Hausa masu zaɓe daban, 'ya'yan sarki daban, mai zaɓe ba ya gadon gadon sarauta. A Rum kuwa kowane mai zaɓe yana iya zama abin zaɓe. Daga wannan bambanci ne duk ɗaukar hankalin fim ɗin ya tsiro, domin alƙalin wasan shi ma yana iya cin ƙwallo.

Adabin Hausa ya saba da Waziri mai makirci. A littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, Waziri ne ke ƙulla wa ɗan sarki tuggu don ya gaji sarauta, mai karatu kuma ya san mugu ne tun daga farko. Lawrence ba irin wannan ba ne. Mutum ne mai tsoron Allah wanda addu'a ta yi masa nauyi, har ya nemi ya ajiye aiki marigayi ya hana shi, ya nuna masa cewa shi mai kula da gida ne. Duk wani mataki da ya ɗauka yana da hujja. Amma in aka jera matakan sai a ga wani abu: ya binciki Adeyemi, ya faɗi, ya binciki Tremblay, ya faɗi, duk wanda ya faɗi kuwa ƙuri'un Lawrence ƙaruwa suke yi. Fim ɗin bai taɓa cewa da gangan ya yi ba, bai kuma wanke shi ba. Bellini ya gaya masa cewa babu Kadinal ɗin da bai taɓa zaɓa wa kansa sunan Fafaroma a zuci ba. Lawrence ya musa, daga baya kuma ya amsa cewa shi ma yana da nasa.

Malaman Musulunci sun san ƙa'idar da ke cewa ba a ba da shugabanci ga mai roƙonsa. Fim ɗin ya ɗauki irin wannan ƙa'ida ya jarraba ta, ya nuna cewa ƙin neman mulki shi kansa yana iya zama hanyar nemansa, tun da masu zaɓe sun fi amincewa da mai nuna ba ya so. Akwai abin kwatance a tarihin Musulunci. Cikin mutum shida da Sayyidina Umar ya bar wa shawara a shekara ta 644, Abdurrahman bin Auf ya cire kansa daga takara kafin ya karɓi aikin tantancewa, sa'an nan ya fita ya ji ta bakin mutanen Madina. Lawrence bai yi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Fiennes ya nuna wannan damuwa ba da yawan magana ba, sai da sunkuyar da kafaɗa, da jan numfashi, da kallon ƙasa. A nan fim ɗin ya kai matuƙa.

4.0 Zubi da Salo

An zuba labarin bisa zagayen ƙuri'a, kowane zagaye kamar babi ne, kowane babi kuma yana ƙarewa da faɗuwar mutum ɗaya. Wannan zubi ne mai sauƙi, irin na tatsuniyar da ake aika 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya kowa ya gaza sai auta. Benitez shi ne auta, wanda ya zo a makare, ba wanda ya san shi, ba shi da ɓangare.

Mai ɗaukar hoto, Stéphane Fontaine, ya ba ƙananan abubuwa muhimmanci: kakin da aka ɗiga a ƙofar ɗakin marigayi, wayoyin hannu da aka ƙwace aka jera, labulen ƙarfe da ke sauka kan tagogi, allura da zaren da ake ɗinke ƙuri'u kafin a ƙona su, guntayen taba da Kadinal-Kadinal suka zubar a tsakar gida. Jan tufafinsu ya cika ido, Sistoci kuwa suna gilmawa a baya cikin shuɗi, suna dafa abinci, suna share ɗakuna, ba su da ƙuri'a. Kiɗan Volker Bertelmann gajere ne, mai yankewa, yana sa mai kallo ya ji kamar wani na tafe a bayansa. Duk waɗannan suna hidima ga abu guda, watau a sa mai kallo ya ji shi ma an kulle shi.

Amma in aka lura, kullen na ido ne kawai. Lawrence yana da mataimaki, O'Malley, mai kawo masa labarin waje. Sista Agnes, wadda Isabella Rossellini ta fito a matsayinta, ita ce ta buɗe masa bayanan ofis, ita ce kuma ta tsaya gaban maza fiye da ɗari ta ba da shaidar da ta kayar da Tremblay. Marigayi ma yana juya zaɓen daga kabari da takardun da ya ɓoye. A ƙarshe bam ya huda bango, iska da haske suka shigo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon wannan fim kuwa a tsage yake tun daga farko.

5.0 Mabuɗi a Hannun Wa?

Tarihi ya nuna cewa mai riƙe da mabuɗi a waje yake tsaye. Asalin kullen kansa daga talakawa ya fito. Bayan rasuwar wani Fafaroma a 1268, Kadinal-Kadinal suka zauna a garin Viterbo kusan shekara uku ba su daidaita ba, har mutanen gari suka gaji suka kulle su, suka rage musu abinci, suka yaye rufin ginin. A 1271 aka zaɓi Gregory na Goma, shi ne kuma ya mai da kullen doka a 1274. Sarakunan Turai ma sun daɗe suna sa baki. A zaɓen 1903 Sarkin Ostiriya ya aika a hana Kadinal Rampolla, sai da Fafaroma Pius na Goma ya haramta wannan al'ada a 1904.

A ƙasar Hausa haka abin yake. Ruwayar da ta shahara ta ce da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, ƙanensa Malam Abdullahi ya taho Sakkwato ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an tsai da Muhammadu Bello. Rufe ƙofar ya ba da sarauta, amma bai kawo natsuwa ba. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, kuma sai bayan 'yan shekaru, a yaƙin Kalambaina, Bello ya kai wa baffansa gudummawa, Abdullahi ya yi masa mubaya'a, sa'an nan al'amari ya zauna. A watan Nuwamba na 1988, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka fara shelar Muhammadu Macciɗo, cikin 'yan kwanaki gwamnatin soja ta tabbatar da Ibrahim Dasuƙi, tarzoma ta tashi a Sakkwato aka yi asarar rayuka. A 1996 wata gwamnatin sojan ta tuɓe Dasuƙi ta naɗa Macciɗo. A kusa kuma, cikin Afrilu na 2022, gwamnatin Jihar Zamfara ta tuɓe Sarkin Zurmi da Sarkin Ɗansadau da hakimin Birnin Tsaba a lokaci guda, bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Ko mene ne ra'ayin mutum kan waɗannan al'amura, darasin ɗaya ne: masu zaɓe suna ba da suna, gwamnati tana ba da sanda, jama'a kuma suna ba da mubaya'a ko su hana.

Wannan ƙafa ta uku ce Conclave ya rasa. Mabiya ɗarikar Katolika sun haura biliyan ɗaya, amma a cikin awa biyu na fim ɗin ba a ji ta bakin ko ɗaya daga cikinsu ba. A ƙarshe ana jin sowarsu daga nesa, ba a nuna sabon Fafaroma ya fito gabansu ba. Ana iya cewa da niyya aka yi haka don a tsare mai kallo a cikin ɗaki. To, amma labarin da ya yi ta maimaita cewa majami'a ta mutane ce, bai kamata ya bar mutanen a matsayin amo ba.

6.0 Adeyemi da Waɗanda Ba a Gani

Lucian Msamati, ɗan asalin Tanzaniya, ya yi wasa mai ratsa zuciya, musamman inda Adeyemi ya zauna bakin gado yana hawaye, ya roƙi wanda ya kayar da shi su yi addu'a tare. Duk da haka, rabon da marubucin ya yi abin dubawa ne. Ɗan Kanada ya faɗi ta hanyar kuɗi, ɗan Amurka ta hanyar tsoro da son muƙami, ɗan Italiya ta hanyar zafin ra'ayi, baƙar fata kuwa ta hanyar sha'awa. Wannan tsohon zane ne a adabin Turawa game da mutumin Afirka. Sista Shanumi ma, wadda ta fi kowa cutuwa a labarin, kayan aiki ce kawai: an kawo ta, ta fashe da fushi, ta yi furuci, ta ɓace.

Ba wai rikicin mulki ba ya aukuwa tsakanin limaman Katolika na Nijeriya ba ne. Yana aukuwa, amma kamanninsa dabam ne, kuma ya fi na fim ɗin ma'ana. A 2012 Fafaroma Benedict na Sha Shida ya naɗa Peter Okpaleke Bishof na Ahiara a Jihar Imo. Limamai da mabiya da yawa suka ƙi shi, don shi mutumin Anambra ne, su kuwa ɗan ƙasarsu ta Mbaise suke so. Sai a wajen dayosis ɗin aka keɓe shi a 2013. A watan Yuni na 2017 Fafaroma Francis ya ba limaman kwana 30 kowa ya rubuto takardar biyayya ko a dakatar da shi. Duk da haka Bishof bai iya shiga gidansa ba, ya ajiye muƙamin a Fabrairun 2018. An ba shi sabuwar dayosis ta Ekwulobia a 2020, aka naɗa shi Kadinal a 2022, shi kaɗai ne kuma ɗan Nijeriya da ya jefa ƙuri'a a zaɓen 2025. Ga naɗi ya tabbata daga sama, mubaya'a ta ƙi samuwa daga ƙasa. Duk wanda ya san rigimar ɗan ƙasa da baƙo a naɗin hakimai zai gane wannan labari nan take. Da marubucin ya ba Adeyemi tarihi irin wannan, da ya zama mutum mai ƙasa da jama'a, maimakon abin kunya mai tafiya da ƙafa.

Musulmi ma haka aka yi musu. Ba a nuna fuskar Musulmi ko ɗaya ba. Sun shigo labarin a matsayin ƙarar bam da kuma abin zagi a bakin Tedesco. Gaskiya ne fim ɗin bai goyi bayan Tedesco ba, don Benitez ya tuna masa cewa shi ya ga gawarwakin Kirista da na Musulmi a fagen yaƙi. Amma mai kallo a Zurmi ko Ƙauran Namoda, inda akasarin waɗanda tashin hankali ya ci Musulmi ne, zai lura cewa an yi amfani da shi ne don a warware ƙullin labari, ba a ba shi baki ba. Ta fuskar zubi ma wurin yana da rauni. Mutane fiye da ɗari, tsofaffi, gogaggu a siyasa, waɗanda aka nuna suna lissafin ƙuri'a ɗaya-ɗaya, sai jawabi guda na 'yan mintoci ya juya su gaba ɗaya. Shigar Benitez ɗakin ma ta saɓa wa doka, domin naɗin asiri yana mutuwa ne tare da Fafaroman da ya yi shi in bai bayyana sunan ba, kamar yadda ya faru da wanda John Paul na Biyu ya yi a 2003.

7.0 Kammalawa

Asirin ƙarshe, watau halittar Benitez, ya girgiza masu kallo da yawa. Ga ɗalibin fiƙihu kuwa mas'alar ba sabuwa ba ce, don malaman Malikiyya sun tattauna hukuncin mata-maza a babin gado, da ita ma aka rufe Muhtasar na Halil. Abin da ya kamata manazarci ya duba shi ne abin da Lawrence ya yi da asirin. Ya tona na Tremblay, ya yi amfani da na Adeyemi, ya binne na Benitez. Watau mutum ɗaya, shi kaɗai, ya yanke wane asiri ne zai kashe takara, wane ne kuma za a rufe. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma a nan mai shirya wankan ne ke zaɓen cibin da za a gani. Fim ɗin ya gabatar da wannan a matsayin rahama, ya rufe da Lawrence yana mai da kunkuru cikin ruwa, yana kallon Sistoci suna wucewa suna dariya. Bai tsaya ya tambayi ko jama'ar da ke sowa a waje suna da haƙƙin sani ba.

Saboda haka Conclave fim ne da ya cancanci a nuna wa ɗaliban wasan kwaikwayo, don su ga yadda ake gina ɗaukar hankali da ɗaki ɗaya, da takarda da alƙalami, ba tare da takobi ba. Marubutan Hausa da masu shirya fina-finan Kano suna da kayan aiki irin wannan a tarihin 1817 da na 1988, ba su kuma taɓa su sosai ba. Wanda zai ɗauki aikin yana iya koyon siffanta Waziri daga wannan fim. Siffanta mutanen da ke tsaye a ƙofar fada suna jiran shela kuwa, sai ya nemo ta a gida.